Babi na Biyar: Gubar da Ba Ta Ruɓewa

A shekarar 2019 wasu ƙungiyoyin kare muhalli guda biyu, IPEN da Basel Action Network, suka fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa ƙwan kaji daga Agbogbloshie, tsohuwar matattarar 'yan gwangwan ta birnin Accra. Kajin ba na gidan gona ba ne. Irin namu ne na gida, masu wuni suna tono. Abin da ya bambanta su da namu shi ne wurin tonon: fili ne da samari, da yawansu 'yan ci-rani daga arewacin Ghana, suke ƙona wayoyin lantarki a wancan lokaci don su zare jan ƙarfen da ke ciki. Gwajin ya nuna cewa idan babban mutum ya ci ƙwai ɗaya tak, ya zuba wa cikinsa gubar dayoksin ninki 220 na abin da hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a rana guda. Ƙwan nan kuwa ba ya wari, ba ya ɗaci, kuma da za a soya shi a ajiye kusa da wani, babu harshen da zai rarrabe su.

Wannan shi ne halin gubar da wannan babi ya tsaya a kanta. Yawancin abin da muke zubarwa ƙasa tana cinye shi. Ɓawon rogo, kashin awaki, tsohuwar tabarmar kaba, duk rana da ruwa da ƙananan halittun ƙasa sukan taru su mayar da su taki. Amma akwai wani rukuni na sinadarai, mafi yawansu ƙirar masana'anta, da aka ɗaure ƙwayoyinsu da kulorin ko fulorin, ɗauri mai tsananin ƙarfi da halittun ƙasa ba su da haƙoran kwance shi. Idan suka shiga ƙasa sai su zauna. Idan suka shiga jiki, hanta da ƙoda ba sa iya fitar da su sai a hankali ƙwarai. Masu kulorin, irin su DDT da lindane da PCB da dayoksin, kitse suke nema su laɓe. Masu fulorin, waɗanda ake kira PFAS, jini da hanta suke kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jiki yana ɗaukar shekara 7 zuwa 11 kafin ya rage rabin dayoksin ɗin da ya shige shi. Ke nan yarinyar da ta kwashe shi tana 'yar shekara goma, za a kai ta ɗakin miji da ragowarsa a jikinta, kuma ɗanta na fari zai samu rabonsa tun yana ciki.

Jiki a nan kamar asusun ƙasa yake: kullum ana jefa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba a kuma cirewa. Shi ya sa ba a ganin mutum ya ci ya faɗi nan take. Ciyawa ta ɗauki kaɗan, akuya ta ci ciyawa damina da rani ta tara a kitsenta, mu kuma mu ci akuya. Wanda ke ƙarshen layi shi ke kwasar mafi yawa, kuma mutum ne a ƙarshen layin.

Ba da mugun nufi aka fara kawo su ba, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Paul Müller, wanda ya gano cewa DDT na kashe ƙwari, lambar yabo ta Nobel aka ba shi a 1948, domin maganin ya ceci rayuka daga zazzaɓin cizon sauro. A tsakiyar shekarun 1950 an yi gwajin feshin ɗakuna da DDT da dieldrin a yammacin lardin Sakkwato, wajejen Birnin Kebbi, kuma ba a jima ba aka gano sauron wurin ya fara jure wa dieldrin. Da irin waɗannan magunguna aka yi ta yaƙar fara a ƙasashen Sahel. Sai da aka kwashe shekaru ana ganin su a ƙwan tsuntsaye da nonon iyaye mata, har a wuraren da ba a taɓa fesa su ba, kafin duniya ta zauna a Stockholm a 2001 ta rattaba hannu kan yarjejeniyar kawar da guda 12 daga cikinsu. Yarjejeniyar ta fara aiki a 2004, kuma Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru duk suna ciki. An ƙara lindane da PFOS a 2009, aka ƙara PFOA a 2019; PFOS da PFOA duk dangin PFAS ne.

Labarin PFOA shi ne ya fi yawo a duniya. Wani makiyayi mai suna Wilbur Tennant, a kusa da garin Parkersburg na jihar West Virginia a Amurka, ya ga shanunsa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har sama da ɗari, bayan kamfanin DuPont ya mayar da wani fili da ke saman rafin da suke sha wurin zubar da shara. A 1998 ya kai kukansa ga wani lauya, Rob Bilott. Shari'ar ta tono cewa masana'antar da ke yin Teflon, wato shafen da ke hana abinci kama kasko, ta daɗe tana sakin PFOA cikin ruwa da iska. Aka ɗebi jinin mutanen yankin kimanin 69,000, wani kwamitin masana uku ya yi shekaru yana nazari, zuwa 2012 ya ce akwai alamar alaƙa mai ƙarfi tsakanin sinadarin da cututtuka shida: kansar ƙoda, kansar 'ya'yan maraina, ciwon maƙoƙo da dangoginsa, gyambon babban hanji, hawan jinin masu juna biyu, da yawan kitse a jini. A 2017 aka sasanta ƙararraki sama da 3,500 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 671. A ƙarshen 2023 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa PFOA a sahun farko na abubuwan da ke jawo wa mutum kansa, kuma a Afrilun 2024 Amurka ta ƙayyade cewa kada ya wuce kashi 4 cikin tiriliyan ɗaya a ruwan sha.

Da wannan labari ya iso gare mu ta wayar hannu, abin da ya tsaya a zukatan mata da yawa shi ne kasko. Za ka ji uwargida na tambaya ko ta zubar da tukwanen da aka yi mata na kayan ɗaki. Tambayar tana kan hanya, kuma za mu zo kanta. Amma a ganina, a yawancin gidajenmu kaskon nan ba shi ne babban abin tsoro ba. Mutanen Parkersburg ba daga kicin suka kwashi gubar ba, daga famfo suka sha ta. Mu kuma namu ya fi zuwa ne ta hayaƙi da buhun hatsi. Wanda ya canza kasko ya bar waɗannan biyun, ya bar jaki yana dukan taiki.

A fara da wuta. Dayoksin ba wanda ke ƙera shi da gangan, wuta ce ke haifar da shi. Duk inda shara ta haɗu da wani abu mai kulorin, ta ci a hankali tana turnuƙe hayaƙi, ba ta kai zafin da zai ƙone komai ƙurmus ba, to ana dafa dayoksin. Injinan ƙona shara na zamani sukan haura digiri 850 don kauce wa haka. Jujin bayan gida ba ya kusantar wannan zafi. Kulorin kuwa yana nan birjik a cikin robar da ake kira PVC: rigar wayar lantarki, bututun ruwa, ledar shimfiɗa a ɗaki, wasu takalman roba. Idan akwai jan ƙarfe a wurin, kamar yadda yake a wayar lantarki, abin ƙara ƙaimi yake yi. Ledar ruwan sha da baƙar ledar cefane ba irin wannan robar ba ce, amma hayaƙinsu na ɗauke da nasa dafin, kuma a juji ba wanda ke ware wannan daga waccan.

Dubi yadda ake hura gawayi da safe a gidaje da yawa. Kananzir ya yi tsada, sai a murɗe baƙar leda a kunna mata ashana, a riƙe ta sama da murhu tana ɗiga wuta a kan gawayin, tana wani ƙara ƙasa-ƙasa. Mai hurawar ta sunkuya da mafici, fuskarta cikin hayaƙin, goyonta na leƙowa ta kafaɗa. Kafin warin ya gama bajewa an ɗora tukunyar koko, ko an jera masara a kan waya. Gobe ma haka, jibi ma haka, shekara da shekaru. Ba na ganin laifinta, domin wuta take nema ta kama yara su karya kafin makaranta. Amma totuwar masara, ɓawon gyaɗa, ƙirare, karan dawa da busasshen kwali duk suna kama gawayi, kuma ba a sayen ko ɗaya daga ciki. A tara su a tsohon buhu a rataye inda ruwa ba ya taɓawa. Idan mutum zai ɗauki abu ɗaya kawai daga wannan babi, to ya ɗauki wannan.

Tokar ma ba ta da tsarki. Abin da bai tashi da hayaƙi ba yana nan kwance a cikinta, kuma nan ne kaji da awaki ke zuwa kiwo, nan ne yara ke wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutane ta abinci yake bi, musamman nama da madara da kifi. Don haka mai kiwon kaji a gida ya raba su da gurbin da ake ƙona shara, ko da ta hanyar kewaye wurin ne da ƙaya, ya riƙa watsa musu tsaba a wuri mai tsabta. Tokar da za a tace don miya, ko wadda za a adana wake da ita, ta zama ta kara ko itace zalla. Takin da za a kai lambu kada ya zama na jujin da aka banka wa wuta.

Haka zancen babbaka. A kwatoci da yawa da tsofaffin tayoyi ake babbake kai da ƙafa da ganda, saboda taya ba ta da tsada kuma wutarta na daɗewa. Baƙin da take barin wa fata ba irin na itace ba ne, kwalta ce da ƙarafa da sinadaran da aka san suna jawo kansa, kuma kankarewa da wanki ba sa fitar da shi duka. Tambayi mahaucinka da me ya yi babbaka. Idan mutum goma suka yi masa wannan tambaya a mako ɗaya, zai nemi itace. Ranar Babbar Sallah kuwa, da kowa ke babbaka a ƙofar gidansa, ba wanda ke da uzurin jawo taya.

Sai buhun wake. Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san yadda ƙwari ke huje shi cikin 'yan watanni, kuma wannan asarar ce ke tura manomi da ɗan kasuwa ga kwalbar magani. Gamalin, wanda masunta marasa tsoron Allah kan zuba a tafki kifi ya taso, wasu kuma su barbaɗa a hatsi, lindane ne, kuma yana cikin magunguna 30 da hukumar NAFDAC ta haramta a 2008. Fiya-fiya da ire-irensa masu sinadarin dichlorvos ba su cikin masu daɗewa a ƙasa, amma kisansu na gaggawa ne, kuma saboda su ne Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da Bature ya ƙi, mu muke yin alala da shi. Babbar matsalar kwalbar da aka ɗura a gefen hanya ita ce ba wanda ya san abin da aka haɗa a ciki, har shi mai sayarwar.

Alhali an daɗe da samun mafita. Masu bincike na jami'ar Purdue tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru sun fito da buhu mai ninki uku, wanda ake kira PICS: ledoji biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Ƙwarin da ke ciki sukan shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Tun 2007 ake yaɗa shi a ƙasashenmu, kuma ana samunsa a kasuwannin hatsi. Duro mai murfi da jarka mai toshe baki suna yin aiki iri ɗaya, muddin an shanya waken ya bushe sosai, an cika mazubin har wuya, kuma ba a yi ta buɗewa ba. Mai sayen tiya-tiya kuma ya shinshina kafin ya biya. Waken da ke warin magani, ko wanda aka ga fari-farin gari a jikinsa, a bar wa mai shi. Wankewa da surfe ɓawo na rage wani abu, amma ba su mayar da gurɓataccen wake lafiyayye.

Mazubi ma abin lura ne. Jarka ko duron da aka taɓa zuba maganin feshi ko man inji a ciki ba ya sake zama na ruwan sha ko man gyaɗa, ko da an wanke shi da omo sau nawa, domin roba tana tsotsewa ta riƙa saki daga baya. Man taransifoma kuwa kada ya shigo gida da kowane suna, ko na shafawa ko na maganin ƙwari, domin tsofaffin taransifomomi da PCB ake cika su. A 1968 irin wannan sinadari ya zurara cikin man girki a Japan, mutane da yawa suka kamu, har jarirai aka haifa da alamunsa a fata.

Game da kitse, ba cewa nake a daina cin nama ko ƙwai ba. Yaron da ba ya samun su ya fi shiga haɗari nesa ba kusa ba. Abin da ake so shi ne a rage tara kitse a tukunya, a yanke wanda ya yi yawa, a kuma riƙa sassauya abinci: yau kifi, gobe wake, jibi ganye da gyaɗa. Ƙananan kifaye sun fi manyan da suka shekara suna haɗiye 'yan'uwansu tsabta ta wannan fuska.

Yanzu sai kasko. Manyan kamfanoni takwas sun yi alkawarin daina amfani da PFOA zuwa 2015, amma an maye gurbinsa da danginsa, kuma ba kowace masana'anta ce ta shiga alkawarin ba. Shafen da kansa ba ya narkewa cikin miya a zafin girki na yau da kullum. Yana fara lalacewa ne idan ya haura digiri 260, zafin da kasko ke kaiwa cikin 'yan mintoci idan an bar shi wayam a kan gas. Saboda haka kada a ɗora shi babu komai a ciki, kada a kankare shi da cokalin ƙarfe ko soson waya, a bar taga a buɗe. Idan ya fara ɓarewa, aikinsa ya ƙare. Mai haɗa wa 'yarta kayan kicin kuma ta tuna cewa tukunyar silba mai kauri, kaskon ƙarfe irin na masu ƙosai da tandar ƙasa ba sa buƙatar wani shafe, kuma sukan kai jikoki. Irin wannan hankali ake so wajen kayan kwalliya. Wani bincike na jami'ar Notre Dame a 2021 ya gwada kaya 231 daga Amurka da Kanada, ya sami alamar PFAS mai yawa a kusan rabinsu, musamman jan-baki mai daɗewa da abin gashin ido da ruwa ba ya wankewa. Idan an ga PTFE, wato Teflon, ko wata kalma mai ɗauke da "fluoro" a jerin abin da aka haɗa, a ajiye a ɗauki wani.

Ƙurar ɗaki tana da nata kason. Soson kujeru da katifu, kafet da jikin tsofaffin talabijin, musamman na gwanjo, da yawa an jiƙa su da sinadaran hana kama wuta, waɗanda wasunsu ke cikin jerin Stockholm. A hankali suke marmashewa su bi ƙura, mai rarrafe ya shafa da hannu ya kai baki. Maganin tsoho ne: a yayyafa ruwa kafin shara, a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon karkaɗewa, a ɗinke katifar da sosonta ya fito, a wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci abinci.

Ruwa kuwa, tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta taɓa waɗannan sinadarai. Abin da ke rage su shi ne matata mai sarrafaffen gawayi, ko na'urar da masu sana'ar ruwan leda ke kira RO, su ma sai ana canza cikinsu a kan lokaci. Ba kowane gida ke buƙatarsu ba. Waɗanda ya kamata su fi damuwa su ne masu rijiya kusa da babban juji, unguwar masana'antu, ko filin jirgin sama da barikin soja inda ake atisaye da kumfar kashe gobara, domin kumfar nan na cikin manyan hanyoyin da PFAS ke bi ya shiga ruwan ƙasa.

Akwai abubuwa uku da ba na so tsoro ya raba kowa da su. Gaskiya ne ana samun waɗannan sinadarai a nonon uwa, amma Hukumar Lafiya ta Duniya, da saninta da haka, ba ta janye shawararta ta nono zalla har wata shida ba, domin amfaninsa ya rinjayi wannan illa da nisa. Gidan sauro mai magani ba ya cikin wannan rukuni, a ci gaba da kwana a ciki. Sai allurar rigakafi: wani bincike da aka wallafa a 2012 kan yaran tsibiran Faroe ya nuna cewa masu PFAS da yawa a jini garkuwarsu ba ta amsa allurar mashaƙo da ta sarƙewar haƙora da ƙarfi kamar ta sauran. Wannan dalili ne na kai yaro ya kammala alluransa duka, ba na fasawa ba.

Abin da ya rage ya fi ƙarfin gida ɗaya. Kana iya hana ƙona leda a gidanka, amma hayaƙin maƙwabci ba ya tsayawa a katanga, kuma mutane ba don sha'awa suke ƙona shara ba, don ba mai zuwa kwashewa ne. Rage ta tun daga kasuwa: tafi da kwando ko bakko, kai kwanonka wurin mai abinci. Ɓawo da ragowar abinci su tafi ramin taki, robobi da gwangwani da wayoyi a tara wa 'yan jari-bola, kuma a fi ba wanda ke feɗe waya da wuƙa a kan mai ƙona ta. Daga nan, maigida, nemi mutum uku ko huɗu na layinku ku je wurin mai unguwa, ku roƙi liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, ku tsayar da wuri guda na tara shara nesa da rijiya da makarantar yara, ku haɗa kuɗin mai kura ko ku matsa wa kansila har mota ta riƙa zuwa. Ku fara a wannan makon, kafin iskar hunturu ta taso ta raba hayaƙin gida-gida.